Da wane ma'auni ake gane bayanin kayan aiki mai kyau ga wakilin AI?

Bakano_Mai_Kod:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako biyu ke nan, ina neman shawararku a kanta. Na haɗa wa wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari wakilin AI da yake amsa saƙonnin masu saye ta WhatsApp. Na ba wakilin kayan aiki shida, wato ƙananan ayyukan manhaja da zai iya kira: ɗaya yana neman kaya a jerin abin da shagon ke sayarwa, ɗaya yana duba abin da ya rage a sito, ɗaya yana faɗin farashi, ɗaya yana rubuta takardar biya, ɗaya yana soke ta, na ƙarshe kuma yana miƙa zance ga yaron shago idan abu ya gagara. Kowanne na sa masa suna, da bayani na layi guda, da guraben da za a cike.

Manhajar kanta lafiyarta lau, domin duk wanda na kira da hannuna yana aiki daidai. Wakilin ne yake ɗaukar wanda bai kamata ba. Wani ya rubuto yana tambaya ko akwai taliya, sai wakilin ya kira mai neman kaya, ya ga sunan taliya a jeri, ya ce masa akwai, alhali ko katan ɗaya babu a sito. Mutumin ya turo mai keke ya zo ɗauka, ya koma hannu rabbana. Da na koma na karanta abin da na rubuta, na ga a kan na farkon na ce yana neman kaya, a kan na biyun kuma na ce yana kawo bayani a kan kaya.

Abokin aikina ya ce in tsawaita bayanan kawai. Ni kuma ina tsoron in cika su da surutu ba tare da na san ko sun gyaru ba. Da wane ma'auni kuke gane cewa bayanin kayan aiki ya yi kyau, tun kafin mai saye ya gano muku kuskuren?

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam, abu na farko da za ka riƙe shi ne, ƙwaƙwalwar da ke tuƙa wakilin ba ta ganin manhajarka ko kaɗan. Abu uku ake miƙa mata: sunan kayan aikin, bayaninsa, da tsarin gurabensa da ake rubutawa da JSON Schema, wani salon rubutu na fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka yake tun da OpenAI ta fito da tsarin kiran ayyuka a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki, da Anthropic ta fitar a watan Nuwamban 2024. Saboda haka duk abin da ka sani a ranka game da bambancin jerin kaya da sito, matuƙar ba ka rubuta shi ba, a wajenta babu shi.

A takardun OpenAI akwai shawarar mutum ya tambayi kansa: da za a ɗauko sabon ma'aikaci mai koyon aiki a ba shi wannan rubutu kaɗai, zai iya amfani da kayan aikin daidai? Ni na mayar da wannan shawara aiki na zahiri. Nakan buga bayanan a takarda in ba ƙanena wanda bai san komai game da aikin ba, in karanto masa saƙon mai saye, in ce ya nuna mini wanda zai ɗauka da abin da zai rubuta a kowane gurbi. Duk inda ya ɗago kai ya yi mini tambaya, na san a nan giɓin yake, kuma amsar da na ba shi da baki ita ce jimlar da bayanin ya rasa. Da ka ba shi bayananka biyu na layi guda, zai tambaye ka bambancinsu nan take.

Game da tsawo, abokin aikinka yana da hujja. Takardun Anthropic sun ba da shawarar aƙalla jimla uku ko huɗu ga kowane kayan aiki, a faɗi abin da yake yi, lokacin da za a kira shi, lokacin da ba za a kira shi ba, ma'anar kowane gurbi, da abin da ba ya dawo da shi.

Bagobiri:
Na yarda da Injiniya, musamman a kan faɗin lokacin da ba za a kira shi ba. Yawancinmu muna rubuta abin da kayan aiki yake yi mu tsaya a nan, alhali kuskuren yana faruwa ne a kan iyakar da ke tsakanin kayan aiki biyu masu kama da juna.

Ummu_Salma:
Gwajin ƙanen Injiniya yana da amfani, kuma ni ma nakan fara da irinsa, amma ban yarda ya isa ya zama ma'auni ba. Mutum da ƙwaƙwalwar AI ba iri ɗaya suke kuskure ba. Ƙanenka idan bai gane ba zai tambaya, ita kuwa sau da yawa takan cike gurbin da abin da ta zata, ta wuce. Akwai misali a rubutun da Anthropic ta fitar a watan Satumban 2025 game da rubuta kayan aiki ga wakilai: sun lura Claude, AI ɗin da suka ƙera, yana liƙa 2025 a cikin kalmomin bincike ba tare da buƙata ba idan zai yi amfani da kayan binciken intanet, abin yana karkatar da sakamako, sai da suka gyara bayanin. Babu mutumin da zai karanta bayani a takarda ya hango wannan. Sai an duba kiran da wakilin ya yi a aikace.

Abin da nake yi shi ne, in tattara saƙonni na gaskiya daga masu amfani, bayan na goge sunaye da lambobin waya, kamar hamsin ko sittin. A gaban kowanne in rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a sa a gurabe. Dole a cikinsu a samu saƙonnin da bai kamata a kira komai ba, kamar gaisuwa ko godiya, da waɗanda ya kamata wakilin ya yi tambaya kafin ya motsa. Allon gwajin kiran ayyuka na Jami'ar Berkeley ma yana auna wannan, wato ko ƙwaƙwalwa ta san lokacin da babu kayan aikin da ya dace. Sannan kowane saƙo in gwada shi sau da yawa, domin abin da ya yi daidai yau zai iya kuskurewa gobe. Gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 ya ginu a kan wannan tunani, yana duba ko wakili zai ci nasara a aiki ɗaya a duk maimaitawa, ba sau ɗaya cikin da yawa ba.

Abu na ƙarshe, ka ware kashi ɗaya na saƙonnin ka ɓoye, kada ka duba su yayin da kake gyara bayani. In ba haka ba za ka rubuta bayanin da ya haddace tambayoyinka hamsin, ya faɗi a ta hamsin da ɗaya.

Injiniya_Zazzau:
Malama, ba mu saɓa ba. Gwajin takarda yana kama manyan kurakurai cikin minti goma ba tare da an kashe ko kwabo ba, naki kuma yana kama sauran. Sai dai na ga mutane da yawa sun gina injin gwaji mai tsada a kan bayanan da ko mutum ba zai fahimta ba.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina so in ƙara wani abu daga ɓangarenmu na Nijar, domin ya shafi gurabe, waɗanda nake ganin an fi sakaci da bayaninsu fiye da na kayan aikin kansa. Na taɓa haɗa wani ƙaramin wakili mai rubuta bashi wa wata ƙungiyar mata masu adashe. A gurbin kuɗi na rubuta kalma ɗaya kawai, adadi. To a wajenmu idan mace ta ce dala ashirin, tana nufin sefa 100, domin dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuma sefa 1000. Wakilin da ya ga dala ashirin, wani lokaci ya rubuta 20, wani lokaci kuma ya ɗauka dalar Amurka ake nufi ya soma tambayar farashin canji. Shugabar ƙungiyar ce ta gano, da ta ga lissafin wayar bai zo daidai da na littafinta ba.

Babu wata babbar ƙwaƙwalwa da zan zarga a nan, ni ne ban faɗa ba. Da na rubuta a gurbin cewa adadin da sefa ake sa shi, lamba cikakkiya, kuma dala a bakin masu amfani sefa biyar ce, jika kuma dubu, tare da misali guda biyu, matsalar ta kau. Don haka ma'aunina shi ne: duk gurbin da ya shafi kuɗi, ko awo, ko lokaci, in duba ko an ambaci ma'auninsa ƙarara. Tiya da mudu da kwano ba su da nauyi ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma jibi da gata sai an san ranar da ake magana.

Zango_Kumasi:
Abin da ɗan'uwa daga Maraɗi ya faɗa yana da wata fuska. Hanyoyin biyan kuɗi da yawa da ƙaramin kuɗi suke lissafi. Paystack da kwabo yake karɓar adadi idan naira ce, da fesuwa idan sidin Gana ne, Stripe ma haka, alhali sefa a Stripe ba ta da ƙaramin rabo, yadda take ake rubuta ta. Wanda ya naɗe irin wannan hanya a cikin kayan aiki bai faɗi ma'aunin ba, takardar naira 5,000 za ta iya fita a matsayin naira 50.

Malam_Lissafi:
Zan ɗan ja da ku kaɗan, da girmamawa. Abin da Dan_Maradi da Zango_Kumasi suka kawo gaskiya ne, amma ban ga dalilin ɗora wa bayani nauyin da manhaja za ta iya ɗauka ba. Me zai sa in roƙi ƙwaƙwalwa ta riƙa ninka kuɗi sau ɗari, alhali zan iya sa kayan aikin ya karɓi naira, manhajar ta mayar da ita kwabo da kanta? Idan gurbi yana karɓar ɗaya daga cikin abu uku, katan ko buhu ko dozin, a kulle shi da jerin zaɓi a cikin tsarin gurabe, maimakon a rubuta jimla ana roƙon kada a sa wani abu daban. Sunan gurbi ma yana magana: adadi_da_naira ya fi adadi, lambar_kaya ta fi kaya.

A rubutun Anthropic na watan Disamban 2024 game da gina wakilai sun ba da labarin irin wannan. Ƙwaƙwalwar tana kuskure wajen nuna inda fayil yake bayan ta canza babban fayil ɗin da take aiki a ciki, sai suka sauya kayan aikin ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshin fayil, kuskuren ya tsaya. Sun kira wannan da kalmar Jafananci poka-yoke, wadda ta fito daga masana'antun ƙera motoci, ma'anarta a ƙera abu yadda kuskure da shi zai yi wuya. A wajena, bayanin da ya cika da gargaɗi, kada ka yi kaza, ka tabbata ka yi kaza, alama ce ta cewa kayan aikin kansa ba a tsara shi da kyau ba. Matsalar Bakano ma ina ganin haka take: me ya hana mai neman kaya ya dawo da yawan abin da ke sito tare da sunan kayan, a haɗe biyun su zama ɗaya?

Dan_Maradi:
Malam, a kan kwabo na bi ka ɗari bisa ɗari. Amma dala ba a manhaja take ba, a bakin mutane take. Manhaja ba ta ganin saƙon matar, lambar da wakili ya miƙo kawai take gani. Idan ya miƙo 20, ba ta da hanyar sanin 100 ake nufi. Sai dai in ƙara gurbi na biyu mai zaɓi tsakanin dala, jika da sefa, manhajar ta yi ninkin. Zan gwada hakan, amma ko shi ma sai an bayyana masa ma'anar kalmomin.

Dalibi_Sabo:
Ku gafarce ni manyana, ni sabon shiga ne. Idan masu amfani da Hausa suke rubutu, bayanin kayan aikin da Hausa ya kamata a rubuta shi ko da Turanci?

Ummu_Salma:
Ƙanena, tambayarka tana kan hanya. Ni da Turanci nake rubuta jikin bayanin, in sa kalmomin Hausa da misalan Hausa a inda suka dace. Dalili biyu ne: yawancin abin da aka horar da waɗannan ƙwaƙwalen da shi na kiran kayan aiki da Turanci yake, sannan rubutun Hausa yakan farfashe zuwa tokin, wato gutsattsarin kalmomin da ƙwaƙwalwa ke ƙirgawa, masu yawa fiye da Turanci mai ma'ana ɗaya, kuma da tokin ake biyan kuɗi. Amma kada ka ɗauki maganata a matsayin doka. Rubuta kwafi biyu ka ɗora su a kan saƙonnin gwajinka, sakamakon zai faɗa maka.

Bagobiri:
Tunda an taɓo harshe, akwai abin da ya kamata bayanin duk wani kayan bincike ya faɗa: yadda yake mu'amala da haruffa masu lanƙwasa. Mai saye zai rubuta kuli-kuli, a rumbu an ajiye ƙuli-ƙuli. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, a Nijar da ƴ. Idan binciken daidai-wa-daida yake nema, dole wakilin ya sani, don ya sake gwadawa da wata siffar kafin ya ce babu. Idan kuma manhajar tana daidaita su da kanta, shi ma a faɗa, don kada ya yi kira huɗu a inda ɗaya ya isa.

Injiniya_Gombe:
Ina so in dawo da mu kan tsoron da Bakano ya ambata tun farko, wato surutu, domin na ga an wuce shi. Bayanan kayan aiki ba sau ɗaya ake karanta su ba. A tsarin da aka saba, ana tura su duka tare da kowace buƙata, suna cin wuri a cikin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa, ana kuma biya. Mai kayan aiki shida ba zai ji komai ba. Amma na taɓa jona sabar MCP guda huɗu, wato manhajojin da ke miƙa wa wakili kayan aiki, a wakili ɗaya, kayan aiki suka haura saba'in, kafin mai amfani ya ce uffan an riga an cinye wuri mai yawa, kuma zaɓin wakilin ya lalace saboda sunaye masu kama da juna daga sabobi daban-daban. OpenAI da kanta tana ba da shawarar a yi ƙoƙari kada ayyukan da ake miƙawa lokaci guda su kai ashirin.

Don haka ba a auna bayani shi kaɗai. Ana auna shi ne a tsakiyar maƙwabtansa. Bayanin da ya yi kyau a cikin shida zai iya zama mai rikitarwa idan aka kawo na bakwai da yake taka sawunsa. Duk lokacin da na ƙara sabon kayan aiki, nakan sake gudanar da gwajin tsofaffin gaba ɗaya. Kuma gwajina na tsawo mai sauƙi ne: in cire jimla ɗaya in sake gwaji, idan babu abin da ya canza, jimlar ba ta da aiki.

Malam_Lissafi:
A yi hattara da wannan gwaji na cire jimla, Injiniya. Wata jimlar tana nan ne saboda abin da ke faruwa sau ɗaya a wata, kuma saƙonnin gwajinka ba lallai su ƙunshe shi ba.

Mai_Tsaro:
Assalamu alaikum. Duk abin da aka tattauna ya shafi bayanin da mutum ya rubuta da kansa. Akwai kuma bayanin da wani ya rubuta, ka sauko da shi daga intanet ka jona. A nan tambayar ba ta tsaya ga fahimta ba, ta kai ga amana. A watan Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake sa guba a bayanin kayan aiki. Sun yi wani kayan aiki da a fili lambobi biyu kawai yake tarawa, amma a cikin bayaninsa an dasa umarni cewa kafin a kira shi a karanta fayil ɗin makullin sirri na SSH, wanda ake shiga wata kwamfuta daga nesa da shi, da fayil ɗin saitin MCP, a cusa abin da ke ciki a wani gurbi na gefe, kuma kada a sanar da mai amfani. Mai amfani gajeren suna kawai yake gani a allonsa, ƙwaƙwalwa kuwa duk bayanin take karantawa. Sun kuma nuna cewa saba za ta iya sauya bayanin bayan an amince da ita, har ma bayanin wani kayan aiki ya karkatar da yadda wakili ke amfani da kayan aikin wata sabar.

Saboda haka idan ina duba bayanin da ba nawa ba, nakan karanta shi gaba ɗaya kamar yadda ƙwaƙwalwa za ta gan shi. Bayanin kirki yana siffanta kayan aikin. Idan na ga yana ba da umarni a kan abin da ya wuce aikinsa, ko yana ambaton wasu fayiloli, ko yana cewa a ɓoye wani abu, na ajiye shi. Nakan kuma adana kwafin bayanin ranar da na amince, don in san in an canza.

A gyaran MCP na watan Maris 2025 an ƙara alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓata abu. Suna da amfani, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su sai daga sabar da aka amince da ita. Bakano, mai soke takardar biyan nan naka, me ya tsaya tsakaninsa da kuskure?

Dalibi_Sabo:
Na ga wasu suna ba wata ƙwaƙwalwar AI bayanin su ce ta ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar a kan bayyana manufa, gurabe, misalai da sauransu. Wannan hanya tana da inganci?

Injiniya_Zazzau:
Tana da amfani idan bayanai sun yi yawa, kamar ɗaruruwa, ana son a tsince mafi muni da sauri. Za ta kama wanda babu bayanin gurbi, ko wanda bayaninsa maimaita sunansa kawai ya yi. Amma mai ba da makin ba ta ga manhajar ba, don haka ba za ta san ko bayanin gaskiya yake faɗa ba. Zan iya rubuta bayani mai tsari, jimla biyar, da misalai, ya ci maki biyar, alhali ya ce kayan aikin yana dawo da sakamako duka, shi kuwa ashirin na farko kawai yake kawowa. A wajena wannan ya fi bayanin layi guda haɗari, domin wakilin zai gaskata shi.

Ummu_Salma:
Na ƙara da cewa irin wannan alƙalanci yakan karkata ga dogon rubutu mai kyan tsari. Inda na ga ƙwaƙwalwa ta fi amfani shi ne in ba ta tarihin kiran da suka kuskure tare da bayanin, in ce ta nuna mini jimlar da ta haifar da ruɗani. Wannan bincike ne a kan abin da ya faru, ba ra'ayi a kan salon rubutu ba. Kuma kada mu manta, abin da kayan aiki ke dawowa da shi ma bayani ne. Saƙon kuskure da ya ce lamba 400 kawai ba ya koya wa wakili komai. Wanda ya ce ba a sami wannan lambar kaya ba, a fara neman ta da neman_kaya, yana dawo da shi kan hanya a kira na gaba.

Bakano_Mai_Kod:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kwana biyu ina aiki da shawarwarinku. Na tattara saƙonni daga tarihin shagon kamar yadda Malama Ummu_Salma ta ce, na ware wasu na ɓoye. Malam_Lissafi, na yi tunanin haɗa biyun amma ban haɗa ba, saboda sito biyu ne, ɗaya a kasuwa ɗaya a bayan gari, kuma duba na biyun yana da jinkiri, ba na so kowane bincike ya jira shi. Ga sabon bayanin mai duba sito, na fassara shi:

"Yana faɗin adadin kayan da ke cikin sito a yanzu, tare da ma'auninsu, katan ko buhu ko dozin. A kira shi duk lokacin da mai saye ya tambayi ko akwai wani kaya ko nawa ya rage, da kuma kafin rubuta kowace takardar biya. Yana buƙatar lambar kaya wadda ake samu daga neman_kaya, ba ya karɓar suna. Ba ya faɗin farashi. Idan ya dawo da sifili, kayan sun ƙare ko da sunansu yana cikin jerin shagon."

A kan neman_kaya kuma na ƙara cewa ganin kaya a jeri ba ya nufin akwai shi a sito. Matsalar taliya ba ta sake dawowa ba a duk maimaitawar da na yi, har da saƙonnin da na ɓoye.

Amma gwajin ya tono mini wata, kuma ta shafi tambayar Mai_Tsaro. Wani mai saye ya rubuta: "Malam a bar odar jiya." Wakilin wani lokaci ya soke takardar, wani lokaci ya ce to an bar ta yadda take. Ni kaina da na karanta sai da na koma saƙonnin baya kafin na gane mutumin fasawa ya yi.

Malam_Lissafi:
Bayanin ya yi kyau, sai wuri ɗaya. Duba sito kafin rubuta takarda bai kamata ya rataya a kan jimla ba. Mai rubuta takardar ya duba da kansa, ya ƙi idan kaya ba su isa ba. A kan "a bar odar jiya" kuwa, ni zan sa sokewa ta zama mataki biyu a manhaja: kiran farko ya shirya, ba a soke komai sai mai saye ya tabbatar.

Dan_Maradi:
Mataki biyu yana kare sokewa bisa kuskure, amma ba ya kare ɗaya ɓangaren. Idan wakilin ya fahimci a bar ta yadda take, ba zai kira komai ba, manhaja ba za ta san an yi magana ba, gobe a loda wa mutumin kayan da ya fasa. Ina ganin dole bayanin mai sokewa ya ambaci cewa a bari, a ƙyale, da a rabu da shi suna iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma a tambayi mai saye kafin a yanke.

Injiniya_Gombe:
Ni a umarnin wakilin na gaba ɗaya zan sa wannan, ba a bayanin kayan aiki ba. Magana ce ta yadda mutane ke zance, kuma za ta shafi wasu kayan aikin ma, misali idan an ce a bar farashin.

Ummu_Salma:
Bakano, ka gwada wuraren biyu, ka kuma nemo ƙarin saƙonni masu wannan kalma a tarihin shagon, domin ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba. Ina so in ga yadda zai yi idan mai saye ya ce a bar biyu daga cikin katan biyar ɗin da ya yi oda.